Kashi 25 na shot a kamfanin bayotek: me alƙalamin yake faɗa, me kuma ba ya faɗa?

Habu Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin kasuwar hannayen jari ta Amurka. A ɗauka ga ƙaramin kamfanin bayotek, wato na haɗa magani, a kasuwar Nasdaq, shafukan alƙaluma sun nuna an yi masa shot kashi 25 cikin ɗari, kwanakin rufewa 10, kuma sakamakon gwajinsa na mataki na uku zai fito nan da wata uku. Wasu na cewa wannan alama ce manyan 'yan kasuwa sun gano maganin ba zai yi aiki ba. Wasu kuma na cewa sam, wai da zarar labari mai daɗi ya fito dole masu shot su saya su mayar, farashi ya yi sama. Wanne ya kamata a ɗauka?

Malam Lawal:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, kafin a kai ga fassara, a fara sanin inda alƙalamin ya fito. Shot shi ne mutum ya ari hannun jari ta wajen dillalinsa ya sayar, da niyyar ya sayo daga baya ya mayar. Adadin da kake gani jimillar hannayen da aka sayar ta wannan hanya ne waɗanda ba a kai ga mayarwa ba. Dokar FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalai a Amurka, mai lamba 4560, ta wajabta wa kamfanonin dillalai su kai rahoto sau biyu a wata: na tsakiyar wata, wato ranar 15, da na ranar aiki ta ƙarshe. Suna da kwana biyu na aiki su miƙa, sannan a wallafa wajen kwana bakwai na aiki bayan ranar lissafin. Kuma ana bin ranar kammala ciniki ne, ba ranar da aka yi shi ba. Tun 28 ga Mayu 2024 da Amurka ta koma kammala ciniki washegari, rahoton ranar 15 yana ɗauke da cinikin da aka yi zuwa ranar 14 ne kawai.

To ka lissafa. Ranar da alƙalamin ya fito ya riga ya kwana goma ko kusa da haka, kuma zai zauna a shafin mako biyu kafin sabo ya zo. A kamfanin siminti ko banki wannan ba wani abu ba ne. A bayotek kuwa, cikin waɗannan kwanakin sakamakon gwaji na iya fitowa, kamfani ya sayar da sabbin hannaye, rabin masu shot su fita. Abu na farko da za ka duba shi ne kwanan watan da ke jikin alƙalamin, sannan ka tambayi kanka me ya faru tun daga ranar.

Hajiya Rabi:
Na biyu kuma, kashi 25 na mene ne? Nan ne ake yawan ruɗewa. Bari in ba da misali da lissafi. Kamfani na da hannaye miliyan 60 gaba ɗaya. Shugabanni da manyan masu jarin farko sun riƙe miliyan 20, saura miliyan 40 ke yawo a kasuwa. An yi shot miliyan 10. Idan ka raba da jimillar hannaye, kashi 16.7 ne. Idan ka raba da masu yawo, kashi 25 ne. Lamba ɗaya, amsa biyu, kuma kowane shafi da yadda yake ƙirga masu yawo: wani yana cire duk mai riƙe da kashi 5, wani sai kashi 10, wani bai sabunta ba tun rahoton zangon da ya wuce.

A bayotek akwai ƙarin abu, wato warantin da aka riga aka biya kuɗinsa. Waranti takarda ce da ke ba mai ita damar juya ta zuwa hannun jari daga baya. Manyan asusun da suka ƙware a harkar magani ba sa son mallakarsu ta haura kashi 4.99 ko 9.99, saboda dokokin bayyana mallaka. Sai kamfani ya sayar musu da waranti a kusan cikakken farashin hannun jari, kuɗin juyawa ya zama ɗan ƙanƙani kamar dala 0.0001. A zahiri hannun jari ne, amma ba a ƙirga shi cikin jimillar da ke shafin farko na rahoton 10-Q, wato rahoton kuɗi na kowane wata uku. Idan kamfanin misalinmu na da irin waɗannan miliyan 15, masu yawo na haƙiƙa sun doshi miliyan 55, kashi 25 ɗin nan ya dawo 18. Za ka same su a bayanan ƙarƙashin lissafin kuɗi, sashen hannun jari da waranti. Minti goma ya isa.

Usman Tudun Wada:
Hajiya, duk da haka ni ina ganin ana raina masu shot. Waɗannan asusun suna ɗaukar likitoci da masana lissafin gwaji aiki, suna karanta tsarin gwajin layi-layi. Dubi Cassava Sciences. A Agusta 2021 aka shigar da koke gaban FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, a madadin wasu masana biyu da suka yi wa kamfanin shot, suna tuhumar ingancin bayanan maganin simufilam na cutar mantuwa. Masu riƙe da hannun jarin suka yi ta zaginsu. A Satumba 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 40 don sasantawa da SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, sannan ranar 25 ga Nuwamba 2024 gwajin mataki na uku ya faɗi, farashi ya zube sama da kashi 80 a rana ɗaya. Kamfanin ya daɗe cikin jerin waɗanda aka fi yi wa shot. Wanda ya ɗauki alƙalamin a matsayin gargaɗi ya tsira.

Dakta Nura:
Malam Usman, misalin gaskiya ne, amma ka lura da abin da ya sa gargaɗin ya yi nauyi a can. Hujjar a rubuce take, kowa na iya karanta koken, ya duba hotunan binciken da ake magana a kai, ya yi hukunci da kansa. Hujjar ce ta yi aiki. Shi alƙalamin bai faɗa maka komai game da simufilam ba. Kuma ka tuna a 2021 wannan hannun jarin ya tashi daga ƙasa da dala 10 ya haura 100. Wanda ya yi shot a farkon shekarar yana da gaskiya a kan maganin, amma da wuya asusunsa ya kai 2024.

Akwai kuma abin da ya kamata a sa a ma'auni: mafi yawan magungunan da ke gwaji ba sa kaiwa kasuwa. Rahoton BIO, ƙungiyar kamfanonin bayotek, na shekarun 2011 zuwa 2020 ya nuna kashi 7.9 kacal na waɗanda suka shiga mataki na ɗaya ke samun amincewa. A mataki na biyu kashi 28.9 ke wucewa, a na uku kashi 57.8. Saboda haka mai yin shot ga kamfanoni ashirin masu jiran sakamakon mataki na biyu ba ya buƙatar sanin wani sirri, lissafin gama-gari yake bi. Idan ka ga adadi mai yawa ka ce "sun san wani abu", mai yiwuwa abin da suka sani shi ne wannan teburin da kowa zai iya saukewa.

Usman Tudun Wada:
Na yarda da batun teburin. Amma ai ba duk kamfani ake yi wa kashi 25 ba. Zaɓi suke yi.

Hajiya Rabi:
Zaɓi suke yi, amma ba kullum don magani ba. Wannan shi ne babban abin da nake so Malam Habu ya riƙe. Kaso mai tsoka na shot a bayotek kariya ce, masu shi ba su da ra'ayi a kan gwajin ko kaɗan.

Mafi girma shi ne takardun bashi masu juyewa zuwa hannun jari. Kamfanin da bai fara samun riba ba yana son su saboda ruwansu kaɗan ne. Masu saye kuma galibi asusun da ke cin riba daga kai-komon farashi ne: su sayi takardar, su yi shot na hannun jarin a rana ɗaya. Ga lissafi. Bashin dala miliyan 300, farashin juyawa dala 30, wato hannaye miliyan 10 ke ƙarƙashinsa. Idan ma'aunin kariyar, wato kason waɗannan hannaye da suke yi wa shot, ya kama 0.6, za su yi shot na miliyan 6. To a kamfanin misalinmu mai shot miliyan 10, shida daga ciki na waɗannan ne, huɗu kawai suka rage ga masu adawa da maganin. Abin da ya fi muhimmanci, idan farashi ya tashi ma'aunin na hawa, a ce zuwa 0.8, sai su ƙara sayar da miliyan 2. Wato a daidai lokacin da mai jiran matsi (tashin farashin da ke tilasta wa masu shot sayowa) ke sa ran su sayo, su ƙara sayarwa suke yi. Ba su cikin tashin hankali, domin takardar da ke hannunsu ta tashi tare da farashin.

Yadda ake gane wannan ba wuya. Ka jera alƙaluman shot na wata shida, ka nemi inda adadin ya yi tsalle, sannan ka duba sanarwar 8-K, wadda kamfani ke fitarwa kan manyan al'amura, ta wannan makon. Idan tsallen ya zo daidai da fitar da irin wannan bashi, ka samu amsarka.

Alhaji Sabo:
In ƙara a kan na Hajiya. Akwai wasu hanyoyi uku da ke kumbura adadin ba tare da adawa ba.

Takardun zaɓin sayarwa. Asusun da ke riƙe da hannun jari mai yawa, yana tsoron ranar sakamako, sai ya sayi takardar da ta ba shi damar sayarwa a ƙayyadadden farashi. Ɗan tsakiyar, wato dillalin da ke saye da sayarwa ga kowa a kasuwa, da ya sayar masa da takardar shi kuma ya yi shot don ya kare kansa. A rahoto ya fito a matsayin shot, alhali tushensa mutum ne da ya yarda da kamfanin.

Sai cinikin haɗewar kamfanoni. Lokacin da Bristol Myers Squibb ya sanar da sayen Celgene a Janairu 2019, kan kusan dala biliyan 74, kowane hannun Celgene zai karɓi dala 50, da hannun Bristol ɗaya, da takardar alkawarin dala 9 idan wasu magunguna uku sun samu amincewa kan lokaci. Masu cin ribar tazara suna sayen Celgene su yi shot na Bristol ɗaya bisa ɗaya. Duk inda aka biya da hannun jari haka abin yake, shot na mai saye ya hau har a kammala.

Na uku kwandon XBI, wato asusun da ya tattara hannayen kamfanonin bayotek da yawa, ana cinikinsa kamar hannun jari ɗaya. Asusun bayotek da yawa suna sayen kamfanonin da suka zaɓa, su yi shot na kwandon don su cire haɗarin faɗuwar ɓangaren gaba ɗaya. Shi ya sa adadin shot a XBI kullum yake da girma, kuma ba ya nufin matsi na tafe, tunda ana iya ƙirƙirar sabbin hannayen kwandon a ba da aro.

Alƙalamin nan kamar littafin bashin mai shago ne da aka goge sunaye aka bar jimilla: ba ka san wanda ya ɗauka don yunwa da wanda ya ɗauka don sari ba.

Habu Gwammaja:
Allah Ya saka da alheri. To kwanakin rufewa fa? Goma ai da yawa ne.

Malam Lawal:
Raba adadin shot ne da matsakaicin cinikin rana. Miliyan 10 bisa miliyan 1, ka samu 10. Matsalar tana ƙasan lissafin. A ce cikin kwana 20 an yi kwana 19 ana cinikin miliyan 1, rana ɗaya labari ya fito aka yi miliyan 30. Matsakaici ya zama miliyan 2.45, kwanakin rufewa suka faɗo zuwa 4, ba tare da mutum ɗaya ya mayar da aro ba. Haka kuma ta ɗaya gefen: ranar da sakamako ya fito cinikin na iya ninka na kullum sau ashirin ko talatin, duk mai son fita zai fita kafin azahar ta New York. Kwana goman nan na kasuwar da ke kwance ne. Amfaninsa ɗaya, ya nuna maka cunkoson ƙofa a ranakun da babu labari. Kada ka ɗora masa fiye da haka.

Maryam Zariya:
Akwai kuskuren da nake yawan gani a rukunoni, a ɗauko "cinikin shot na yau kashi 48" a ce rabin kasuwa na adawa da kamfanin. Wannan fayil ne daban da FINRA ke fitarwa kullum, kuma yana ƙirga duk sayarwar da aka yi wa alamar shot a ranar. Idan ka ba da odar saye, ɗan tsakiya yakan sayar maka da abin da bai riƙe ba a wannan daƙiƙar, ya sayo bayan ɗan lokaci. Ya shiga fayil a matsayin shot, amma kafin a tashi kasuwa ya rufe. Shi ya sa kashi 40 zuwa 50 abu ne na yau da kullum ko a manyan kamfanoni masu lafiya. Ba a tara shi kwana-kwana a ce an samu adadin shot.

Haka alƙaluman gaza miƙa hannaye da SEC ke wallafawa: kowace rana ragowar da ke ƙasa ce, ba sabon adadi ba, don haka ba a haɗa na Litinin da na Talata. Akwai kuma jerin kamfanonin da gaza miƙa hannayensu ta haura ƙa'ida, sharaɗin shigarsa shi ne gazawar ta kai hannaye 10,000 da kashi 0.5 na jimilla, kwana biyar na aiki a jere.

Usman Tudun Wada:
To Malama Maryam, idan duk waɗannan suna da rauni, da me za a gane adawa ta gaske?

Maryam Zariya:
Da kuɗin aro, Malam Usman. Shi ne farashin da masu shot ke biya yau, ba labarin mako biyu da suka wuce ba. Hannun jarin da ke da sauƙin samu ana arar shi ƙasa da kashi 1 a shekara. Wanda ya yi wuya yana iya kai kashi 50, 100 ko fiye. Ana lissafa shi kullum a kan darajar ranar. Shot na dala 10,000 a kashi 80 yana cin kusan dala 22 kowace rana, wata uku dala 2,000, kashi ɗaya bisa biyar na cinikin ke nan tun kafin sakamako ya fito. Wanda ya zauna yana biyan wannan ya yarda da ra'ayinsa ƙwarai, ko kuma yana da kariyar da ke mayar masa.

Sai a haɗa biyun. Kashi 25 da kuɗin aro ƙasa da 1 yana nufin manyan asusu na da hannaye jibge suna ba da aro, babu ƙarancin da zai tilasta wa kowa fita. Kashi 12 da kuɗin aro 90, kuma kusan duk abin da ake iya arawa an are, wannan ya fi haɗari ga masu shot duk da adadin ya fi ƙanƙanta. Interactive Brokers na nuna kuɗin aro ga abokan cinikinsa, Ortex da S3 Partners kuma suna sayar da ƙiyasin kullum. A riƙa tuna ƙiyasi ne daga kasuwar aro, wani lokaci yakan saɓa da na FINRA idan ya fito.

Alhaji Sabo:
Batun ƙarancin abin aro shi ne ya faru a KaloBios a Nuwamba 2015, kuma shi ne matsi na gaske da aka gani a wannan ɓangare. Kamfanin ya sanar zai rufe, farashi ya sauka wajen dala ɗaya, mutane suka yi shot suna ganin sifili ya rage. Sai ɗan kasuwar magunguna Martin Shkreli da abokansa suka saye kusan kashi 70 na kamfanin. Cikin 'yan kwanaki farashi ya haura dala 30, daga baya Shkreli ya sanar ba zai ƙara ba da aron nasa ba. Babu wani sabon sakamakon gwaji a ciki. Ranar 17 ga Disamba aka kama shi kan wata tuhuma daban, Nasdaq ta dakatar da cinikin, kafin ƙarshen watan kamfanin ya shigar da takardar fatara. Abubuwan da suka haɗu: ƙananan hannaye masu yawo, mutum ɗaya ya riƙe mafi yawa, kuma ya janye aro. Idan babu waɗannan, tashin da ake kira matsi yawanci sabbin masu saye ne ke jan sa. Ko a GameStop, wanda ba bayotek ba ne, rahoton ma'aikatan SEC na Oktoba 2021 ya nuna shot ya haura kashi 100 na masu yawo, amma sayen masu rufewa ƙaramin kaso ne na cinikin da ya ɗaga farashin.

Habu Gwammaja:
Alhaji, ta yaya zai haura kashi 100? Ba jabu ke nan ba?

Alhaji Sabo:
A'a. Na farko ya ba da aro, na biyu ya sayar wa na uku. Na uku ya mallaka halak malak a idon doka, dillalinsa ya sake ba na huɗu aro, shi ma ya sayar. Hannu ɗaya, shot biyu a rahoto.

Dakta Nura:
Ina so in dawo da mu kan kalandar magani, domin ita ke hukunci a ƙarshe. Dendreon misali ne da ya nuna ɓangarorin biyu cikin mako shida. Ranar 29 ga Maris 2007 kwamitin masu ba FDA shawara ya kaɗa ƙuri'a kan Provenge, maganin kamfanin na sankarar prostate ta maza: 17 ba hamayya kan rashin illa, 13 da 4 kan inganci. Masu shot suna da yawa a lokacin. Farashi ya tashi daga kusan dala 5 ya haura 20 cikin mako biyu. A watan Mayu FDA ta ƙi amincewa ta nemi ƙarin bayanai, farashin ya zube fiye da rabi a rana ɗaya. An amince da maganin a Afrilu 2010, kamfanin kuma ya shiga fatara a Nuwamba 2014. Wa ke da gaskiya, masu shot ko masu saye? Ya danganta da watan da ka tsaya.

Saboda haka ga abin da za a ɗora alƙalamin a kai. Ranar da FDA ta yi alkawarin yanke hukunci: ga sabon magani, wata goma bayan kwana 60 na karɓar takardu, ko wata shida idan an ba shi fifiko. Idan akwai zaman kwamiti, takardun nazarin ma'aikatan hukumar kan fito kwana biyu na aiki kafin zaman, kuma sau da yawa su ke girgiza farashi fiye da zaman kansa. Ga gwaji kuma, a shiga ClinicalTrials.gov a duba babban ma'aunin nasara, yawan marasa lafiya, ko akwai rukunin kwatanci, da tarihin sauye-sauyen da aka yi wa tsarin. Kamfanin da ya canza babban ma'auni ana dab da ƙarewa ya fi ba ni tsoro fiye da kashi 40 na shot.

Sannan a juya farashin zuwa yiwuwa. Hannun jari na dala 20, idan an yi nasara ana sa ran 50, idan an faɗi ya koma 5, kusa da kuɗin da ke asusun kamfani. Kasuwa ke nan ta ba nasara kashi ɗaya bisa uku. Mai shot zai ci 15 ko ya yi asarar 30. Idan kai nazarinka ya ba ka kashi 55, tambayar ita ce me ka gani da kasuwa ba ta gani ba, kuma adadin shot ba zai amsa maka ita ba.

Hajiya Rabi:
Kuma akwai masu shot da ba ruwansu da nasara ko faɗuwa, aljihun kamfani suke kallo. Ka ɗauki kuɗin da ke hannu ka raba da abin da ake ƙonawa kowane zango. Dala miliyan 90, ana kashe 30 a wata uku, saura wata tara. Dole a sayar da sabbin hannaye, galibi da rangwame, a surka na tsofaffin masu jari. A duba ko akwai takardar S-3 mai aiki, wato rajistar da ke ba kamfani damar sayar da sabbin hannaye, da yarjejeniyar sayarwa kai tsaye cikin kasuwa kaɗan-kaɗan. Wannan ce ke kashe matsi da yawa: farashi na tashi, kamfani na zuba sabbin hannaye, masu shot na sayowa daga hannunsa cikin natsuwa. Bayan sakamako mai kyau ma al'ada ce a sanar da sabon sayarwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Dokar SEC ta 105 ta hana wanda ya yi shot cikin kwana biyar na aiki kafin a yanke farashi ya saya a wannan sayarwar, amma ba ta hana shi saye a kasuwa washegari ba. Ƙananan kamfanoni da darajar hannayensu masu yawo ba ta kai dala miliyan 75 ba an taƙaita musu zuwa kashi ɗaya bisa uku cikin wata 12 ta wannan takardar, don haka su sukan koma ga sayarwa ta keɓe mai haɗe da waranti, wadda ita ma ke haifar da sabon shot na kariya.

Idan kamfani ya haɗe hannayensa, a ce goma su zama ɗaya, a tabbata shafin ya gyara tsohon adadin shot. Sau da yawa akan raba tsohon adadi da sabbin hannaye, sai ka ga kashi 200 na ƙarya.

Usman Tudun Wada:
Na karɓi gyara a kan kariya da surki. Amma zan tsaya a kan abu ɗaya: idan an cire bashi mai juyewa, an cire waranti, kuɗin aro na hawa, adadin na ƙaruwa rahoto uku a jere ana tunkarar sakamako, wannan ba abin wasa ba ne. Aƙalla ya sa mutum ya nemo hujjarsu ya karanta.

Dakta Nura:
A nan mun haɗu. Ya nemo, ya karanta, ya kuma rage girman abin da zai zuba. Amma a tuna Novavax: yana cikin waɗanda aka fi yi wa shot, da dalili mai ƙarfi, tunda kamfanin da kansa ya bayyana shakkar ɗorewarsa a 2023. Ranar 10 ga Mayu 2024 aka sanar da yarjejeniya da Sanofi, dala miliyan 500 a hannu, jimilla har biliyan 1.2, farashi ya kusan ninkawa a ranar. Hujjar masu shot ta aljihu ce, sa hannu ɗaya ya kawar da ita.

Malam Isa:
'Yan'uwa, tunatarwa. Mafi yawan malaman fiƙihun mu'amala na zamani sun hana wannan ciniki, bisa hadisin da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, ga kuma kuɗin da ake biya kan aron. Ma'auni na 21 na AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, kan hannayen jari ma bai halatta shi ba. Karanta alƙalamin don sanin halin kamfanin da kake son saye wani abu ne daban. Sai dai mai asusu ya duba ko dillalinsa na ba da aron hannayensa yana raba masa riba, domin wasu manhajoji na kunna wannan tsari tun wajen rajista.

Malam Lawal:
Madalla da tunatarwa, Malam. Abu ɗaya da ya shafi mai saye ma: odar tsayar da asara, wato umarnin a sayar maka idan farashi ya sauka wani mataki, ba ta aiki a ranar sakamako. Ana fitar da labarin kafin a buɗe kasuwa ko bayan an tashi, ko Nasdaq ta dakatar da ciniki sai an sanar. Idan ka sa odar a dala 18 kuma aka buɗe a 5, a 5 za a sayar maka. Ta ɗaya gefen, Madrigal ya tashi daga wajen dala 64 ya haura 200 ranar 19 ga Disamba 2022 bayan sakamakon gwajin maganin hanta, babu wani tsani a tsakani da mai shot zai fita ta kai.

Dokar jingina ma na bayyana dalilin da ƙananan hannaye ke fashewa da sauri. Ƙarƙashin dokar FINRA 4210, shot a hannun da bai kai dala 5 ba yana buƙatar dala 2.50 kan kowane hannu ko cikakkiyar darajarsa, duk wanda ya fi yawa. Hannaye 10,000 a dala 2 cinikin dala 20,000 ne, jinginar 25,000. Farashi ya koma 6, dillali ya nemi ƙari, idan babu ya rufe da kansa a kowane farashi.

Habu Gwammaja:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: akwai inda ake ganin sunayen asusun da suka yi shot?

Maryam Zariya:
A Amurka babu. Rahoton 13F, wanda masu kula da dala miliyan 100 ko fiye ke miƙawa kwana 45 bayan ƙarshen zango, yana nuna abin da suka riƙe ne kawai, ba ya nuna shot. A Oktoba 2023 SEC ta amince da doka ta 13f-2 da za ta sa manyan asusu su kai rahoton wata-wata idan shot ɗinsu ya kai dala miliyan 10 ko kashi 2.5, amma an ɗage fara aiki da ita, kuma ko ta fara jimilla za a wallafa ba sunaye ba. A Tarayyar Turai ne ake bayyana suna da zarar asusu ya kai kashi 0.5 na hannayen kamfani, a shafin hukumar ƙasar da hannun jarin yake, kamar BaFin a Jamus ko AMF a Faransa. Idan kamfanin da kake bi yana ɗaya daga waɗannan kasuwanni, duba can. Idan na Nasdaq ne kaɗai, abin da 13F zai ba ka shi ne sunayen masu riƙe da takardun bashinsa masu juyewa, ka ƙiyasta kariyarsu da lissafin da Hajiya Rabi ta nuna, ka cire daga miliyan goman.